Ɗaya ga Janairu

Aikina ba shi da wuyar faɗa. Asibitoci goma sha huɗu ne ke turo mana bayanan masu ciwon ƙoda, mu kuma mu fitar da jerin waɗanda za a ɗora a injin wankin ƙoda, don injinan ba su isa kowa ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe bayanan kan bi matakai huɗu a kwamfuta. Na farko ya haɗa su wuri ɗaya. Na biyu ya cike guraben da aka bari. Na uku ya lissafa shekarun kowa. Na huɗu shi ne rariyar: wanda ya cika sittin bai hau inji ba, an wuce da shi ke nan, haka dokar hukumarmu ta ce.

Mataki na biyun ni na rubuta shi, shekara uku da suka wuce. Tsofaffi da yawa shekarar haihuwarsu kawai suka sani, ba wata ba rana, shi kuwa lissafi da ya tarar da gurbi sai ya tsaya cak. Sai na sa a riƙa ba duk mai irin wannan ɗaya ga Janairu. Layi biyu kacal. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Za-a-duba a bayan idonsa, har yabona ya yi a taro, na wuni ina hura hanci. Duk sabuwar shekara jerin kan ragu, mu ce ai an samu sauƙi.

Bara Umma ta shiga jerin. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. A ƙarshen Disamba ita ce ta uku, don haka ta haɗa jakar asibiti ta ajiye a bayan ƙofa: zani biyu, kofi, carbi da sabon tawul.

Ranar biyu ga Janairu na buɗe jerin, babu Umma. Na bi sawunta mataki-mataki. A na farko tana nan, da shekara ba rana. A na biyu ta fito da ranar haihuwar da na yanka mata. Na uku ya ce sittin cif. Na huɗu ya tace ta, ita da mutum hamsin da shida. Alhali yayarta ta sha faɗa cewa ana tsakar girbi aka haifi Umma, wato da sauran wata tara ko goma.

Na mai da sunanta da hannu a jerin ƙarshe. Washegari ƙarfe bakwai bayanai suka sake gangarowa suka shafe shi. Kwana uku ina wannan ɗibar ruwa da kwando kafin na haƙura na tafi tushe, asibitin da ya fara rubuta ta.

"Kawo takardar haihuwa, yanzun nan in gyara," in ji ma'aikacin ɗakin fayil.

"Malam, da akwai ta ai da ba ka gan ni ba. Amma yayarta tana da rai, za ta rantse."

"'Yar'uwa, ina zan liƙa rantsuwa a kwamfuta?"

Na koma wurin Za-a-duba na ce a mai da ranar da ake ba su ta koma talatin da ɗaya ga Disamba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Taɓa mataki sai kwamiti, kwamiti kuma sai Afrilu. Kuma in kin dawo da hamsin da bakwai, waɗanda suka matso gaba fa? Su ma da 'ya'yansu."

"Yallaɓai, likita ya ce ba za ta kai Afrilu ba."

"Allah ya ba ta lafiya. Za a duba."

Na tsane shi a lokacin, amma bai kai yadda na tsani kaina ba, don bai yi ƙarya ba.

Da la'asar na iske Umma a kan kujerar roba, ƙafafunta a kan bokiti. Na durƙusa na gaya mata an cire ta, wai ta cika sittin tun ɗaya ga wata.

"Ikon Allah. Uwar da ta haife ni ma ba ta riƙe ranar ba. Wane masani ne ya gaya musu?"

"Ni ce, Umma."

Ta dube ni. Sai ta yi 'yar dariya, dariyar ta zame mata tari.

"Ashe kina wurin," ta ce.

Na kifa kaina a gwiwarta ina kuka, ita ce ma ke shafa bayana. Da na lafa sai ta nuna bayan ƙofa.

"Kwance min jakar nan, Auta. Tawul ɗin ki ɗauka, ban taɓa amfani da shi ba."