Abu Ɗaya Kafin Ruwa Ya Iso

Tun safe Darakta ba ta zauna ba. Ta shiga ɗakin farko ta fita, ta leƙa na biyu, ta dawo ta gyara labulen da ta riga ta gyara. 'Yan ajinsu ne suka laƙaba mata wannan suna tun shekarar farko, domin ko shara ake yi sai ta nuna wa kowa inda zai tsaya. Yau kuwa wasanta ne na jarrabawar ƙarshe a sashen wasan kwaikwayo na kwalejin. An turo wata malama daga waje ta kalla ta ba da maki. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara.

Wasan ba shi da dandamali, ba shi da kujerun 'yan kallo. Tsofaffin ajujuwa uku da ke ƙarshen baranda suka mayar gida: falo, kicin, da ɗakin ciki. Labarin gajere ne. Ambaliya na tahowa, mutanen gidan sun gudu. A bakin ƙofa ɗalibi zai ce wa kowane ɗan kallo ya shiga ya fito da abu ɗaya da ba ya so ruwa ya ci. A ɗakin ciki akwai tsoho zaune a kujera, an manta da shi. Ba zai fara yi wa kowa magana ba, ba zai tashi da kansa ba. Sai wani ɗan kallo ya fito da shi, sannan Darakta ta buga ƙararrawa, wasa ya ƙare.

Malamin sashen ya taɓa tambayarta, "In ba wanda ya fito da shi fa?"

"Za a samu, Malam. Duk gwajin da muka yi, shi ake fara ɗauka."

"Su wa suke ɗaukarsa a gwaji?"

"'Yan ajinmu."

Malam ya yi murmushi kawai. "To. Amma ki sani, wasan da bai kai ƙarshensa ba, ba a ba shi maki."

Sashen ba shi da kayan gida, saboda haka kowa ya kawo daga nasu. Wasu sun nemi izini, wasu sun yi aron da mai kaya bai sani ba. Ita kanta Darakta ta ɗauko kujerar mahaifinta daga shagonsa na kafinta ranar da ya fita kai ƙofa. Daga baya aka ce kowane ɗalibi ya gayyato iyayensa. Ba wanda ya tsaya ya haɗa waɗannan abubuwa biyu.

A ɗakin ciki ta tarar da Dogo, wanda zai fito a tsohon, yana sosa gemun audugar da aka manna masa.

"Daina sosawa, zai ɓalle."

"Ke ba a fuskarki yake ba. In aka bar ni a nan, Darakta, ki gaya wa mutanen gidanmu na mutu a bakin aiki."

"In aka bar ka, ni zan riga ka mutuwa. Lanƙwasa bayanka. Wane tsoho ne ke zama kamar sandar tuta?"

Da la'asar baranda ta cika. Iyaye sai waige-waige suke suna neman wurin zama. Malamar jarrabawa ta tsaya gefe, ta harɗe hannu. Aka kunna lasifika, ƙarar ruwa ta fara tasowa a hankali. Ɗalibin bakin ƙofa, sanye da rigar ruwa, ya ɗaga murya.

"Ruwa na tahowa! Kowa ya shiga ya fito da abu ɗaya!"

Aka yi cirko-cirko. Can wata mata mai jiki ta ce bari ta gani, ta shige kicin. Ba a jima ba aka jiyo muryarta.

"Ikon Allah! Wannan ba tukunyata ba ce? Ni da na zargi maƙwabciyata, har mun daina gaisawa!"

Ta fito rungume da tukunya tana neman 'yarta da ido. Nan take baranda ta ruɗe. Wani mutum ya hango agogon bangonsa ta taga, ya kutsa. Wata ta fito da tabarma, wani da rediyo, wani dattijo da akwatin ƙarfe yana cewa ai shi ya ɗauka ɓarayi ne. Dariya ta kaure. Ba a taɓa ganin 'yan kallo sun shiga wasa da ƙarfi haka ba.

Darakta ta bi bango ta tsaya inda take hango ɗakin ciki. Mutane na leƙawa, su ga tsoho, su ce, "Sannu da hutawa, Baba," su juya. Ba wanda ya so ya katse wa yaro aikinsa. Wata ma ta shiga har gabansa, ta rusuna.

"Yi haƙuri, Baba, bargona ne," ta ce, ta janye shi daga cinyarsa ta fita.

Ƙarar ruwa ta ƙaru. Darakta ta san faifan ƙarar ruwan ya kusa ƙarewa. Ta je bakin ƙofa, ta dawo, ta sake komawa. Ƙararrawar da ke hannunta ta jiƙe da gumi. Ƙawarta mai kula da lasifika ta janyo ta gefe.

"Bari in yafa mayafin yayata in shiga in fito da shi. Wa zai gane?"

Darakta ta dubi malamar jarrabawa, wadda ta gaisa da kowane ɗalibi da safe. Ta dubi Malam. Idonsa na kanta, bai kau da kai ba.

"A'a," ta ce wa ƙawar. "Koma wurinki."

Sai ga mahaifinta ya hawo matakala a makare, garin katako a kafaɗarsa, fensir a bayan kunne. Ɗalibin bakin ƙofa ya tare shi.

"Ruwa na tahowa! Shiga ka fito da abu ɗaya!"

Kafinta ya ɗaga kai ya dubi sama. "Wane ruwa, ko gajimare babu?"

"Wasa ne, Baba."

"To, ai sai ka faɗa."

Ya shiga falo, babu komai sai ƙusar da agogo ya bari a bango. Ya leƙa kicin, ko cokali babu. Darakta ta bi bayansa daga nesa. Dokar da ta kafa da kanta ta hana ta cewa uffan. Ya tura labulen ɗakin ciki, ya tsaya cak.

"Auta!" Haka yake kiranta a gida. "Ashe nan kujerata ta zo karatu? Ni ina can ina zama a kan bokitin fenti!"

Mutane suka taru a bakin ƙofa da kayansu a hannu. Kafinta ya matsa gaban tsohon.

"Kai, tashi."

Dogo ya ɗago a hankali, ya sassauta murya. "Ƙafafuna ba sa ɗaukata, ɗana. Sun tafi sun bar ni."

"Ni ne ɗanka? Na girmi ubanka, mai gemun auduga."

Aka fashe da dariya. Dogo bai yi ba. Ya damƙe hannuwan kujerar, yatsunsa na kakkarwa, ya zuba ido ga ƙofa kamar yana jin ruwan a can waje. Kafinta ya zagaya, ya kama bayan kujerar zai jirkita ta. Darakta ta runtse ido. In ya zubar da shi ya fita da kujera, shekararta ta tafi.

Ba ta ji faɗuwar kowa ba. Ta buɗe ido. Mahaifinta na tsaye, yana kallon yatsun nan a kan katako. Da faɗi ya yi hannuwan kujerar, domin don nasa mahaifin ya ƙera ta, lokacin da tsufa ya hana shi tashi ba madafa.

Ya yi gyaran murya. "Abu ɗaya aka ce, ko? To, kujerata zan ɗauka. Wanda ke kanta kuma, sa'arsa ce." Ya juya ga ƙofa. "Kai mai agogo, ajiye agogon nan, ba gudu zai yi ba. Kama nan. Mai rediyo, kama ɗaya gefen."

Suka ajiye kayansu a ƙasa suka kama. Matar nan ta dawo da bargonta, ta lulluɓe wa tsohon ƙafafu. "Kar sanyi ya kama shi," ta ce, ba ta kuma yi dariya ba. A bakin ƙofa aka maƙale, domin tsawon ƙafafun Dogo ya fi faɗin ƙofar.

"Tanƙwashe su, Baba!"

"Ku karkata hagu!"

"Hagun wa? Naka ko nawa?"

"Ku ba su hanya! Mai tukunya, matsa!"

Faifan ruwa ya ƙare tun suna kokawa da ƙofa, amma ba wanda ya lura. Hannuwa suka yi ta ƙaruwa a jikin kujerar, har aka sauke ta a tsakiyar baranda, kowa na haki. Aka tsaya ana jiran abin da zai biyo baya. Darakta na tsaye baki buɗe.

Malam ya matso kusa da ita, ya ce a hankali, "Ƙararrawa."

Ta buga. Tafi ya ɓarke.

Malamar jarrabawa ta ratso mutane ta zo. "Wancan mutumin, ke kika shirya shi?"

"Mahaifina ne, Malama. Ba wanda ya taɓa iya shirya shi."

"Na ga alama." Ta ɗan yi murmushi. "Wasanki ya kai ƙarshensa, kin wuce. Amma nan gaba, in za ki ari kayan mutane, ki tuna su wa kika gayyata."

Can gefe kafinta ya dafa kafaɗar Dogo. "Sauka haka nan, Baba, ruwa ya janye." Ya kifa kujerar ya girgiza ƙafarta ta baya. "Wa ya yi ta lilo a kanta? Ta saki. Auta, in kin dawo gida ke za ki riƙe mini in ɗaure."

"To, Baba."

Ya aza kujerar a ka ya sauka matakala. Sauran iyaye suka bi bayansa da tukunya da agogo da tabarma, kowa na yi wa ɗansa faɗa yana dariya. Darakta ta waiga tana neman inda za ta zauna. Babu ko benci. Ta jingina da bango, ta zame har ƙasa, ta ɗora ƙararrawar a cinyarta.