Littafin Kogi a Layin Masu Duba

Tun safe Doreen Halvorson ta kasa zama wuri ɗaya. Ta zuba kofi ta manta da shi, ta leƙa taga ya fi sau biyar tana kallon kogi yana kumbura, don ƙanƙara ta fara narkewa. Shekara talatin ke nan tana aiki a ɗakin karatun garin: littafi ya shigo, ta ba shi taken maudu'i, wanda da shi mai nema zai same shi a kwamfuta. Doreen kuwa ba ta kuskure, kuma kaiconka ka ce ta yi.

Jiya injiniyan gunduma ya zo neman abin da aka rubuta kan hasashen ambaliyar kogin nan, don a san inda za a fara jera buhunan yashi. Ta duba, babu. Sai yau ta tuna da ɗan littafin Arvid Tangen, manomin da ya shekara arba'in yana auna zurfin dusar ƙanƙara yana lissafa inda ruwa zai kai. Ashe ita da hannunta, shekara goma sha biyu da suka wuce, ta ga sunansa, "Abin da Kogi Zai Yi", ko buɗewa ba ta yi ba ta jefa shi ƙarƙashin "Duba da faɗin gaibu". Tsakanin masu karanta tafin hannu da masu taurari fa!

Gyaran bai ci minti biyu ba. Ta aika wa injiniyan littafin, sai ya bugo waya yana cewa lissafin tsohon ya dace da kusan kowace shekara, amma na bana yake so. Kunya ta hana ta sakat. Ta ja mota sai gidan kula da tsofaffi, inda Arvid yake zaune yanzu.

Ta tarar da Arvid yana cin dankali da miyar kaza. A tsaye ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce to yanzu ya gane abin da ya sa wata mata ta taɓa kiran lambar wayar da ya sa a littafin tana tambaya ko mijinta zai dawo.

"Mista Tangen, ka zage ni daga baya," in ji Doreen. "Bana ina ruwan zai kai?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye cokali, ya daɗe yana goge hannu.

"Ban sani ba, 'yar nan. Shekara uku na yi, duk ƙarshen hunturu, ina zaune gindin waya. Ban da matar nan, ba wanda ya kira. Na ɗauka masu ilimin sun karanta ne suka ga shirmen tsoho." Ya ɗago ya dube ta. "Sai na daina aunawa."