Leda a Gonar Hambali

Hambali yana ɗaure damin dawa na ƙarshe ya hango shanun Manu sun doso daga yamma. Ya saki igiya yana murmushi. Tun zamanin iyayensu haka ake yi: da an gama girbi Manu zai sauke garkensa a wannan gona da ke bayan garin Sara, shanu su ci karmami, su bar kashi, gona ta samu takin baɗi.

Sai shanun suka wuce, suka shige gonar Sada, maƙwabcinsa.

Da gudu Hambali ya tsallaka iyaka. "Manu! Tsufa ne ya taɓa idon, ko ka manta hanya?"

Manu bai yi dariya ba. Ya biyo shi har cikin gonar Hambalin, ya soka sandarsa a kunya, ya ɗago. Baƙar leda ce ke reto a bakinta. Ya soka gaba, sai ga ledar ruwa.

"Me ka zuba a nan da rani, Malam Hambali?"

"Bola ce na sa aka kwaso mini daga Birnin Kudu. Ai ka ga yadda dawar ta yi."

"Na gani. Bara a irin wannan gonar saniyata ta kwanta, tana ci amma tana ramewa. Da mahauci ya farke ta, dunƙulen ledar da ya fitar ya kai kan mutum. Ba zan ƙara ba."

"To ni fa? Ba ni da takin zamani, kai ne takina."

"Ka tsince ta, in zo in duba. In ba haka ba, ina wajen Sada har mu yi kudu."

Washegari tun da hantsi Hambali ya shiga gona da manjagara. Kwana da kwanaki yana ja yana tsinta, bayansa kamar zai ɓalle. Ƙasa sai amayo leda take yi, da robar lemo, da silifa mai ƙafa ɗaya. Robobin ya ware wa 'yan gwangwan. Ledar kuwa suka ce ba sa so. Ya yi niyyar cinna mata wuta, ya dubi dammunan da ba a kwashe ba, ya fasa. In ya binne, garma za ta tono.

"Inda kika fito can za ki koma," ya ce. Ya ɗaure buhunan a bayan babur, ya kama hanyar Birnin Kudu.

A bakin bolar ya tarar da tifa, leburori suna watsa mata shebur na ƙarshe. Direban ya gane shi.

"Malam Hambali, ka jawo mana kasuwa! Duk wanda ya ga dawarka sai ya ce a kai masa. Wannan ma ta Sada ce, yau za mu juye masa."

Hambali ya tsaya da igiya a hannu. Ya san Sada yana cikin gari, bai taɓa zama ya ji labarin saniyar ba. Da an juye wannan a gonar Sada, Manu ba shi da inda zai koma sai gonar Hambali, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Abin da zai yi kawai shi ne ya ja bakinsa ya yi shiru.

Amma da rana Manu yana kasuwar Gwaram. Shanu za su riga shi ganin tulin bolar, su afka wa leda.

Tifa ta tashi, leda na tsiyaya daga bayanta. Hambali ya kira wayar Sada, a kashe. Ya dubi buhunan da bai sauke ba, ya ƙara tamke igiyar, ya buga babur.

Kafin su fita gari ya wuce tifar, ya nufi gonar Sada don ya riga ta isa.