Wadda Ta Ɗauke Mini Lahadi

Kai ne, Dattijo. Kai ka hana a shiga coci da gawar ƙawata, kai ka sa mai gadi ya garƙame ƙofa. Ba kuma zan rufa maka asiri don furfurarka ba, ni ma ina da tawa. Tunda kun ce ba ku sauraron ƙara sai a rubuce, to ga ta a rubuce, na faɗa an rubuta mini.

Ranar Alhamis da safe ina mutuware ina yi mata wanka. Shekara goma sha tara muna aiki tare a ɗakin wanki na asibiti, ni da ita, muna wanke zannuwan gado. Sannu-sannu ake ce mata, don ko gobara ta tashi ba ta sauri. Ranar Talata ta faɗi a gaban injin wanki, kafin a turo keken marasa lafiya ta cika. Babu wanda ya fi ni sanin hannuwan nan nata, bilic, sinadarin da muke wanki da shi, ya cinye fatarsu, farce ko ɗaya babu mai kyau. Ina cikin goge su sai ga ɗanta ya shigo, direban babbar mota ne, kwana ya yi a hanya. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hularsa.

“Inna, daga coci nake.”

“Ƙarfe nawa suka ce?”

“Sun ce ba za a shiga da ita ba. Wai mu wuce maƙabarta kai tsaye.”

Na ɗauka gajiya ce ta sa bai ji daidai ba. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Mai kula da mutuware, wanda ba ma addininmu ɗaya ba, ya ajiye bokitin da ke hannunsa ya ce, “Wannan matar? To wa za a shiga da shi?”

Na rufe ta da zanin da na goge da hannuna, na fito na hau bas da rigar aiki a jikina.

Bari in gaya maka wadda ka kora, tunda ba ka san ta ba. Shekara bakwai ke nan da ɗana ɗaya tilo ya rasu a asibitin nan, kuma zanin da ya mutu a kai, hannuna ya dawo. Na gane shi da ƙunar dutsen guga a gefe, ni na ƙona shi. Daga ranar na daina magana da Allah. Na ce tunda ya iya ɗauka, sai ya iya zama shi kaɗai. Wanda duk ya zo mini da ta'aziyya sai na wanke shi tas, har ma'aikata suka sa mini suna Uwar Faɗa.

Sannu-sannu ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Abin da take yi kawai, duk zanin da ta ɗauko daga kwando, mai jini ne ko mai amai, sai ta riƙe shi kaɗan, bakinta na motsi, sannan ta jefa a inji. Abin ya riƙa ba ni haushi, don aiki na taruwa.

Wata rana na ce, “Ke, da wa kike ƙus-ƙus?”

“Da Mai ɗakin.”

“Shugaba ya fita tun ɗazu.”

“Ba shi ba. Yesu. Ina gaya masa wanda ya kwanta a kan wannan, ni ban san shi ba, amma shi ya san sunansa.”

“Yana nan cikin warin nan?”

“Ina kike so ya je? Nan ne aiki yake.”

Na ce, “To in yana nan, ya kama mana matsa, bayana ya ƙage.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Ai kin yi masa magana ke nan. Ci gaba, ko zagi ne, ya saba.”

Ɗakin wanki ba ya rufewa, ciwo bai san ranar hutu ba. Tsarinmu shi ne ranar Lahadi mutum ɗaya ke zama, wannan mako ni, mako mai zuwa ita. Sai ta je ta samu shugabanmu ba da sanina ba, ta ce a mayar da duk Lahadi kanta. Da na ji na tare ta da faɗa, na ce ban roƙe ta ba.

Ta ce, “Yaya, ni ina jin sa a nan. Ke ba kya ji tukuna. Je ki inda ake kiran sunansa da ƙarfi, ko kunnenki zai buɗe. In kin dawo ki ba ni labari.”

Haka muka yi. Kowace Litinin ina ninke zani ina maimaita mata wa'azin jiya, tana gyara mini inda na karkace, ita da ba ta je ba. A bakinta na koyi addu'a, ba a bakinku ba. Ita ta fara ja na zuwa ɗakin tsofaffin da ba su da mai jinya, mu canza musu shimfiɗa, mu ɗan zauna. Ta ce Allah bai bar ni da hannu biyu don in riƙa nuna mutane da yatsa ba. Ban zama mutumiyar kirki ba, kowa ya sani, amma na daina kwana da fushi da Mahaliccina.

Da wannan a zuciyata na shigo ofishinka. Kana zaune ƙarƙashin fanka, ga tabarau a kan hanci.

Ka ce, “A'a, Mama, sannu da zuwa. Ya haƙuri? Zauna mana.”

Na ce, “Ban zo zama ba. Me ta yi muku?”

Ka buɗe wani babban littafi, ka bi layi da yatsa. Ka ce doka ce ta ikilisiya, ba kai ka yi ta ba: wanda ya yi wata shida ba a gan shi a sujada ba, ana rubuta masa wasiƙa. In an rubuta uku bai amsa ba, an cire sunansa, kuma wanda aka cire ba a shiga da gawarsa. Ka ce ita shekara bakwai ba ta taka ƙofar nan ba, ba ta ci jibin Ubangiji ba.

“Mun rubuta mata har sau uku, Mama. Ko uffan.”

Na san wasiƙun nan. Suna cikin jakarta a leda, ta lulluɓe su kamar zinariya. Ba ta iya karatu ba, ni ma haka. Ta ga hoton gicciye a saman takarda, ta nuna mini tana murna, ta ce, “Kin gani? Ba su manta da ni ba, gaisuwa suka aiko.” Na ce ta ba wata nas ta karanta mata, ta ce a'a, abin da ke tsakaninta da coci ba na kunnen kowa ba ne. Duk ranar da ta gaji sai ta ciro su ta shafa.

Na gaya maka wannan. Na ce, “Kun san ba ta karatu. Daga nan zuwa asibiti bas ɗaya ne. A cikinku babu mai ƙafa?”

Ka cire tabarau ka ce, “To me ya hana ta zuwa?”

“Lahadina take yi. Duk ranar da kuka gan ni a nan, ita ce a can tana wanke kashin mutane a madadina.”

Sannan ka faɗi maganar da har yau take ci na. Ka ce, “Mama, shekara bakwai kina zaune a layin gaba. Bara ma a gaban jama'a muka kira ki, muka ba ki kyautar wadda ba ta taɓa fashi ba. Me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?”

Gaskiya ka faɗa, ba zan ɓoye ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naku. Na tashi na karɓi kyautar nan ana tafi, ban buɗe baki na ce ta wata ce ba. Daɗi na ji. Na kai mata ta gani, ta ce, “Madalla, Yaya, ta yi kyau.” Ko sau ɗaya ban ce mata wannan makon ke je ki, ni zan zauna ba. Wannan nawa ne, zan amsa shi a gaban Allah, na ma fara amsawa.

Amma sai na ce maka, “To yanzu ka ji. Buɗe ƙofa.”

Ka ce ba ka da iko kai kaɗai. Fasto ya yi tafiya, kwamiti kuma sai farkon wata yake zama. Na ce ka kira Fasto a waya, ka ce yana cikin taro. Na ce gawa ba ta jiran farkon wata. Ka ce in aka karya doka saboda mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa labarin. Ni da ban taɓa durƙusa wa namiji ba tun rasuwar mijina, na durƙusa maka a kan simintin nan. Na ce minti goma kawai, a ajiye ta a gaba, a yi waƙa ɗaya, a fita. Ka ce, “Tashi, Mama, kada ki sa ni cikin wani hali.” Ka duba agogo.

Da azahar muka ɗauko ta. Ɗanta ya ce wa direban motar gawa ya bi ta gaban coci, ko Allah zai sa an sake shawara. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya leƙo ta ramin ƙarfe, ya ce, “Ku yi haƙuri, umarni aka ba ni.” Ya cire hularsa, shi dai ya yi abin da zai iya. Motarka tana ciki, Dattijo, na gan ta a gindin bishiya. Labulen ofishinka ya motsa, wannan ma na gani. Muka tsaya a titi masu mota na yi mana hon, har wani ya leƙo yana zagi wai mun tare hanya.

Mu tara ne a maƙabarta: ni, ɗanta, nas biyu, masu shara uku, shugabanmu, da mai kula da mutuware. Da aka saukar da akwati sai kowa ya tsaya yana kallon kowa, babu mai yin addu'a. Shugaba ya ce, “Uwar Faɗa, ke ce mai zuwa coci.”

Ban san kalmomin da fastoci ke faɗa ba. Na kama gefen zanin da aka yaye daga kan akwatin, wanda ya rage a hannuna, na yi yadda take yi. Na ce, “Yesu, ga ta nan. Su sun cire sunanta, kai ka san shi. Ta gaji, ka ba ta wurin zama.” Iyakar abin da na faɗa ke nan. Amma ina gaya maka, yana wurin. Yadda nake jin zafin inji a fuskata in na buɗe shi, haka na ji shi a bakin ramin nan, ban taɓa jin sa haka a layin gaba ba. Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Don ya zo inda ka ƙi zuwa, ba shi ne ya ce ka kyauta ba.

Da aka gama mayar da ƙasa, na ba ɗanta jakarta. Ya ciro wasiƙun ya karanta a tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni, “Ta san abin da ke ciki?” Na ce a'a, gaisuwa ta ɗauka. Ya ninke su ya sa a aljihu. Bai yi kuka ba, da ma ya yi.

Ya ce, “Inna, kullum in ta kira ni sai ta ce in nemi coci a duk garin da na sauka. Ina nema kuwa, saboda ita. Daga yau ni da coci sai dai in hango a madubin mota. In Allahnsu ke nan, su riƙe abinsu.”

Na ce, “Ɗana, ba nasu ba ne.”

Ya ce, “To makullin yana hannun wa?”

Ya hau motarsa da yamma ya tafi. Na sa an kira mini shi sau huɗu, ba ya ɗauka.

Na gaya wa shugaba ya mayar da Lahadi kaina, don tsofaffin can ba su da mai canza musu shimfiɗa yanzu, kuma na gane nan aka ajiye ni. Ba za ku gan ni a sujada ba, ba kuma don na bar Ubangiji ba, kada wani ya ce ban faɗa ba.

Ita ba abin da za ku ƙara mata ko ku rage. Ni ma ba haƙuri nake nema ba. Maganar yaron nan nake yi. Uwarsa ta yi shekara talatin tana riƙe da shi a hanyar Allah, ku kuka fizge shi a yini ɗaya. In kwamitinku ya zauna farkon wata, a karanta wannan da ƙarfi, kowa ya ji. Sannan ka tashi tsaye, Dattijo, ka gaya musu wanda zai bi shi ya dawo da shi. In kuwa bai dawo ba, ka faɗi wanda zai amsa a kansa ranar da aka tambaya. Ina ɗakin wanki, ƙofa ta ƙarshe bayan mutuware. Ka zo da ƙafarka ka ba ni amsa.