Farantan da Sahura ta Shanya

Sahura ce ta bi matan ƙauyen Kiéché gida-gida, ta yi ta lallashi har bakinta ya gaji, kafin su yarda su daina kai nono kasuwa su riƙa kawo ɗanyar madara masana'antar ƙungiya a Dogon Dutsi. Injin dafa madarar ya sha ba ta kunya. Matan sun gaya mata ido da ido, in aka sake mayar da su da madararsu, sun gama.

Injin ba wani abin kallo ba ne. Farantan ƙarfe ne sirara a jere, an matse su da dogayen kusoshi. Madara na bi ta gefe ɗaya na faranti, ruwan zafi ta ɗaya gefen, zafi ya ratsa ƙarfen ya kashe cuta, ruwa bai taɓa madara ba. Abin da ke tsare kowanne a hanyarsa baƙar roba ce da ta zagaye bakin farantin.

Ran Asabar Norbert, mai kula da injin, ya kwance farantan ya wanke, ya jingine su cikin ɗaki ya tafi. Shi da aiki sai Litinin. Sahura ta leƙo ta tarar da kayan madara a jiƙe, a inuwa. Wannan ai ƙazanta ce! Ko yarinya ta san ƙwaryar nono rana take so. Ta kwashe su ɗaya-ɗaya, bayanta na ciwo, ta shimfiɗa a kan siminti. Har Lahadi ta dawo, cikin zafin bazara, ta juya su.

Litinin da safe Norbert ya haɗa injin ya kunna. Madara ta fara tsiyaya daga tsakanin farantan. Ya ƙara matsewa, ta ƙaru. Ya sa farce a bakin wata roba, ta tsage.

"Inna, wa ya hid da su rana?"

"Ni ta. Don su bushe."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin daɗi. Ya zauna a kan jarka ya shafa fuska.

"Robag ga dama ta tsuhwa, rana ta ƙarasa ta. Sabuwa ko Yamai babu, sai an yo oda."

"Yau hwa?"

Ya girgiza kai.

Ta fita waje. Matan na zaune ƙarƙashin bishiyar bedi da jarkokin madararsu, amalanken jakuna a gefe. Khairiyya, babbarsu, ta dubi madarar da ta jiƙa gefen zanen Sahura. Ta miƙe a hankali ta ɗauki jarkarta.

"Ba mu yi hushi ba, Sahura," in ji ta. "Zumunci na nan. Amma kada ki sake zo muna da maganag ga."

Sahura ta kama mata jarkar suka ɗora a amalanke.