Ranar da Alƙali Ya Zo Ganin Taga

Da babbar kotu ta rushe hukuncin, Goggo Tela ta ɗauka magana ta ƙare. Tun bara maƙwabcinta mai walda ya ɗaga katanga ya toshe tagar shagonta. Ta kai ƙara, ƙaramar kotu ta ba shi gaskiya, ita kuwa ta ɗaukaka ƙara.

"Goggo, ba fa cewa aka yi kin ci ba," in ji 'yar wanta, wadda ita ce lauyarta. "Cewa aka yi alƙali bai je ya ga wurin da idonsa ba. Za a mayar masa da shari'ar, ya je ya gani, ya sake yanke hukunci."

"Shi ɗin dai? Mai gilashin nan?"

"Shi fa."

"Ikon Allah! A ce wa mutum ya yi kuskure, kuma a miƙa masa ya gyara da kansa?"

Ba tsoro ne ya kama ta ba, son sani ne ya hana ta sakat. Ita dai ta san halinta: in aka dawo mata da riga aka ce hannu ya yi tsawo, sai ta wuni tana huci kafin ta farke ɗinkin. To shi alƙali yaya yake yi? Ɗaure fuska zai yi, ko a kanta zai huce?

Ranar da aka sa, ya iso da hantsi tare da magatakarda da lauyoyin biyu. Sai ta ga ashe ɗan guntun mutum ne, kujerar kotu ce ke ƙara masa tsawo. Ya fara da wajen mai walda, ya sa aka auna katangar, sannan ya tambaye shi me ya sa ya gina ta.

"Ranka ya daɗe, tartsatsin wuta ne," in ji mai walda yana sosa ƙeya. "Tagarta cike da yadudduka. In gobara ta tashi, ni za a ce."

Goggo ta saki baki. Duk zaman da aka yi a kotu ba ta taɓa jin wannan ba, lauyansa zancen iyakar fili kawai yake ta yi.

Suka shiga shagonta. Alƙali ya yi tuntuɓe da ƙafar keken ɗinki, ya dafa bango.

"A nan kike aiki, Baba?"

"A nan, ranka ya daɗe. In an ɗauke wuta kuwa sai lalube."

Ya ce a kashe fitila, a ba shi allura da zare. Ya gyara gilashi, ya lashi bakin zaren, ya gwada, ya sake gwadawa, zare ya ƙi shiga.

"Magatakarda, rubuta: kotu ta gwada, kotu ta kasa."

Har mai walda sai da ya dara. Nan Goggo ta kasa haɗiye tambayarta, duk da mintsinin da 'yar wanta ke yi mata.

"Ranka ya daɗe, da aka dawo maka da ita, ba ka ji haushi ba?"

Ya dubi lauyoyin, ya ga babu mai ja, sai ya yi murmushi.

"Na ji mana, Baba. Matata ta sha ƙorafi har ta ce in tafi ofis in ƙarasa. Amma in na sama suka ce zo ka duba, zuwa ake yi. Sauran magana sai a kotu."

Da aka koma zama, ya karanta abin da babbar kotu ta umarta, ya faɗi abin da ya gani, sannan ya yanke: a rage katangar daidai ƙasan taga, a sa wa tagar raga mai ƙananan ido da za ta tare tartsatsi.

Mai walda ne ya haɗa ragar da hannunsa. Ya shafa mata baƙin fenti, Goggo ta ce ita shuɗi take so, suka wuni suna musu ta tagar, shi daga waje ita daga ciki.