Fim na Bakwai

…ta goma sha huɗu ce, na ƙirga. Ita ce ta ƙarshe a cikin gwangwanin, kuma ko ban buɗe ba na san taki ce, Zulma. Wa ke naɗe takarda gida huɗu ya murje bakinta da farce in ba ke ba? Haka kike naɗe takardar cefane, shekara talatin da ɗaya.

Hutun minti goma sha biyar ne. Saura tara. Ina jin su ta bayan ƙofa, kujerun ƙarfe suna ƙara, ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu, yana zagayawa hannu zuwa hannu, ƙanshin fanken Doña Ofelia ya cika zauren, don ba a taɓa ruwan sama a garinmu Durazno ba ta soya ba. Ni kuma ga ni a ɗakin ajiya tsakanin tsintsiya da fayafayan fim, ina duba ra'ayoyin jama'a kamar kowace Lahadi da yamma. Ni na kafa dokar da kaina: a kalli fim, kowa ya rubuta abin da ya gani ba suna, a jefa a gwangwanin biskit, bayan hutu ni Heber in miƙe in karanta wa kowa. Heber shugaban ƙungiyar masu kallo. Heber mai baki a gaban mutum arba'in — wanda a teburin gidansa ba ya wuce "miƙo gishiri."

Ba zan buɗe taki ba tukuna. Bari in sake bin sauran.

Na yau tsohon fim ne, baƙi da fari, duk inuwa da hayaƙin taba. Ma'aikacin kwastan da matarsa a wani garin bakin teku da rana ba ta leƙawa. Suna cin abinci, ba ka jin komai sai cokali yana taɓa faranti… minti biyu cur, na auna da agogo. A ƙarshe ta zuba masa guba a sukari. Ya gan ta. Ya ɗebi cokali biyu duk da haka.

Ga ta Don Atilio mai aski, rubutu kamar kaza ta yi tono: "Matar nan shaiɗaniya ce. Daga yau baƙin kofi zan riƙa sha." Za a yi dariya, matarsa za ta make shi da jaka. Ga ta Doña Ofelia, har da maiƙo a gefe: "Haƙuri ake yi. Ni na yi shekara arba'in da marigayi ban kashe kowa ba, ko da yake na sha tunani." Malama Griselda ta cika shafi biyu a kan inuwar matattakala, wa zai karanta wannan? Wani ya ce doka ta ba mace ta bar miji ba sai ta kawo dalili ba, me ya kai ta ga guba, asarar sukari kawai. Wata kuma — ban gane rubutun ba, kuma ba na son in gane — ta ce mijin da ba ya magana a gidansa shi ma kisa yake yi, sai dai a hankali. Wannan ta yi mini zafi. Na mayar da ita ƙasan sauran.

Sai ta goma sha uku: "Don Heber, don girman Allah, duk duniya ba wani fim sai na mataccen aure? Bakwai ke nan a jere. A kawo mana mai dawaki."

Ashe suna ƙirgawa.

To, bakwai ne. Ni na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya. In hau mota har Montevideo, in zauna gaban mai ba da hayar finafinai ina bin jerin sunaye da yatsa, shi yana tallata mini na dariya, ni ina neman wanda zai faɗa miki abin da bakina ya kasa. Hannunka mai sanda, mako bakwai. In kunna injin, in tsaya a baya cikin duhu, ba allon nake kallo ba, ƙeyarki nake kallo a layi na uku. Ko za ta motsa? Ko za ki juyo? Ba ki taɓa ba. A tashi, mu taka zuwa gida ƙarƙashin laima ɗaya, ki ce gobe sai an gyara famfo.

Da ma kin yi mini laifi! Da akwai wata a waje, da ko faɗa muke yi, da sauƙi. Ba komai. Ranar da muka raka Estela tasha, 'yarmu tilo ta tafi karatu, muka dawo gida kika ce, "In ɗora ruwa?" na ce "Ɗora" — a nan na gane hirarmu ta bi ta cikin jirgin. Amma yaya zan ce miki mu rabu? A maƙabarta, ranar jana'izar mamarki, kin kama hannun rigata kin ce, "Kai kaɗai ka rage mini." Shekara goma sha tara ina ɗauke da wannan magana. Kullum in ce Heber, in ka tafi matar nan faɗuwa za ta yi. Har wani daɗi nake ji, in faɗi gaskiya. Ina ganin kaina mutumin kirki, mai sadaukarwa.

Saura biyar. Kuma ke ba kya rubutu. Shekara goma sha ɗaya da kafa ƙungiyar nan ba ki taɓa jefa takarda ba, kullum sai ki ce fanke ya kawo ki. Yau na ga kin ari fensir wurin Griselda.

Me ke ciki? Kuka? Roƙo? In kin roƙe ni, na san kaina, zama zan yi har a binne ɗayanmu…

Na fara warware ta. Gida ɗaya. Biyu.

"Tsoho, na san kai ke fara karantawa. Tun a na biyu na gane. Na ƙyale ka ne in ga ko bakinka zai buɗe, sai ga shi yau mun kai ga guba, na ce gara in yi magana kafin ka kawo mai bindiga. Ka daina wahalar da bayin Allah. Ranar Alhamis zan bi motar Paysandú, ƙanwata Mirta ta share mini ɗaki tun bara. Ba fushi nake yi ba. Na zauna ne don na ɗauka ba za ka iya rayuwa ba ni ba, tun ranar da aka sallame ku daga aikin jirgin ƙasa ka zauna a kicin kana kuka. Ka sha kofinka da sukari, ba komai a ciki. Fim ɗin kuma ya cika tsawo."

Dariya nake yi? Dariya ce. Na toshe baki da hannun riga kada su ji. Wayyo, Zulma… numfashi yana shiga har ƙasan cikina, na manta akwai wuri a can. Kafaɗuna sun sauka. Ba za ki faɗi ba. Ba wanda zai faɗi, ba wanda zai sha guba, ba sai na nemo na takwas ba! Yunwa ma nake ji, yunwa sosai, zan iya cinye fanken Ofelia har da farantin. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi, kuma ba na jin kunyar jin daɗin.

Tun bara.

Tsaya. Tun bara? Ai ban fara kawo finafinan ba sai bana. Ke nan ina can ina bin jerin sunaye da yatsa, ɗakinki yana share yana jira. Ni ina zaune don ke, ke kina zaune don ni, kamar mutum biyu da suka yi ta nishi da akwati a matattakala ba wanda ya buɗe ya ga ba komai a ciki. Kukan kicin ɗin ma na manta da shi sam. Ke ba ki manta ba. Shekara nawa ke nan… goma sha bakwai? Ashe ni ne abin tausayin. Ni ake lallaɓawa.

Ana buga ƙofa. Muryar Don Atilio: "Don Heber, ko ka ɗebi sukarin ne? Fito, mate ya huce!"

Ina zuwa. Bari in leƙa ta tsagar ƙofa tukuna. Ga ki can a layi na uku kin juya baya ga allo, bakinki cike da fanke, Ofelia tana faɗa miki wani abu a kunne kina dariya har da dukan cinya. Rabona da jin wannan dariyar tun Estela tana rarrafe. Ke ma kin sauke naki, ashe. Kin hango ni. Ba ki kau da kai ba, kin ɗaga mini ƙoƙon kawai, ko zan sha.

Goma sha uku zan karanta musu, ta goma sha huɗu tana aljihu, dokar tawa ce ai, ni zan karya ta. In yi musu alkawarin mai dawaki. Sai mu taka zuwa gida, laima ɗaya, Litinin, Talata, Laraba… in sauko miki da babban akwati daga saman kabad.

Amma ya cika tsawo? Wannan fim ɗin? Shekara goma sha ɗaya, ra'ayinki na farko ke nan, kuma ban yarda ba ko kaɗan. Ina ne ya yi tsawo — wurin cin abincin? Ai nan ne fim ɗin yake! Ina son in ji me za ki ce. Ina son mu yi musu a kai tun daga ƙofar zauren nan har gida, ga magana ta cika mini baki, yanzu, sai yanzu… kuma kwana huɗu ya rage.